Kafin Fiyano: Bala Miller da Kiɗan da Ya Tsallako Teku

Gardamar nan ba ta tsufa. A kowane biki a Kontagora, da zarar mai DJ ya kafa lasifikokinsa a ƙofar gida ya saki Hamisu Breaker ko Ado Gwanja, dattawan da ke kan tabarma za su soma: wannan ai Indiya ce aka sa wa kalmomin Hausa. Samari su ce sam, kiɗansu ne, a Kano aka haife shi. Masana ma sun fi karkata wajen dattawan, domin akasarin abin da aka rubuta kan waƙar zamani ta Hausa daga finafinan Indiya yake farawa, ya gangaro zuwa Kannywood. Ni dai ina ganin an tsallake babi guda, kuma babin yana da suna: Bala Miller, wanda a 2028 zai cika shekara 100 da haihuwa.

Abin da ya sake tuno mini da shi wani mugun labari ne daga nesa. Ranar 8 ga Afrilun 2025 rufin gidan rawa na Jet Set ya rufta a birnin Santo Domingo na Jamhuriyar Dominika, mutum sama da 230 suka mutu, cikinsu har da mawaƙin da ke kan dandamali, Rubby Pérez. Mawaƙin merenge ne, ya yi suna a shekarun 1980 cikin ƙungiyar Wilfrido Vargas kafin ya kafa tasa. Duk wanda ya girma yana kallon talabijin ta Kaduna, in ya saurari tsofaffin faya-fayan Pérez, kunnensa ba zai yi baƙunta ba. Jerin masu busa ƙaho suna amsa wa mawaƙi, ganga tana gudu a ƙasa, 'yan amshi suna jefo baiti ɗaya suna maimaitawa. Mun taɓa jin wannan tsari da harshenmu.

Asalin abin, a taƙaice, cinikin bayi ne. Mutanen da aka kwashe daga gaɓar Afirka ta Yamma da Kwango zuwa tsibiran Karibiyan sun tafi da kiɗansu a ka, can ya cakuɗe da na Sifaniyawa. A Kyuba ya haifi son da rumba, a Dominika ya haifi merenge, wanda ake yi da tambora, ganga mai fuska biyu da ake bugun gefe ɗaya da sanda ɗaya gefen da tafin hannu, da wani ƙarfe mai kaushi da ake kankarewa, sai akodiyan da ta shigo daga baya. A shekarun 1850 jaridun ƙasar suna zagin merenge, wai rawar marasa kunya ce. Sai da ɗan kama-karya Rafael Trujillo, wanda ya riƙe ƙasar daga 1930 zuwa 1961, ya ɗauke shi ya mayar da shi kiɗan ƙasa, sannan masu kuɗi suka yarda ya shiga zaurukansu. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon ɗan Adam.

Dawowar kiɗan Karibiyan gida ta faifan garmaho ce. A 1933 kamfanin HMV na Ingila ya soma fitar da wani jerin faya-fayai masu lambar GV, akasarinsu kiɗan Kyuba, domin kasuwar Afirka. Wadda ta fi tashe a ciki ita ce El Manisero, waƙar mai tallan gyaɗa. Daga Dakar zuwa Kinshasa makaɗa suka ji abin da suka gane, suka kama kwaikwayo. 'Yan Kwango suka fitar da tasu rumbar, har merenge suka riƙa bugawa da jita. A Ghana E.T. Mensah da ƙungiyarsa ta Tempos suka zuba kalifso da gangunan Kyuba cikin hailaif, suka yi ta zuwa Najeriya a shekarun 1950, inda Bobby Benson da Victor Olaiya suka karɓa a otal-otal na Legas.

Arewa fa? A lokacin kiɗa a ƙasar Hausa sana'a ce mai gida da gado. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo suna da iyayen gidansu, Shata yana yawo da kalangu, masu kukuma irin su Ibrahim Na Habu suna cashewa da 'yan duniya. Ƙaho da jita kuwa suna wurare uku ne kacal: bariki, wajen 'yan badujala na soja da 'yan sanda, coci da makarantun mishan, sai gidajen rawa na Sabon Gari. Bahaushen birni yana jin su daga nesa, yana kiransu kiɗan Turawa ko na 'yan Kudu. Ana bukatar wanda Hausa ta zama tasa tun daga tsatso, kuma ya san kan waɗannan kayan. Irin wannan mutum ba a cika samunsa ba sai a gidajen Hausawa Kirista na Zariya.

Nan ne gidan su Bala. Sunan Miller sananne ne a Zazzau tun zaman Likita Mila, ɗan mishan ɗin CMS da ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, kafin mishan ta koma Wusasa. Mahaifin Bala limamin coci ne, cikin Hausawan farko da suka karɓi addinin Kirista, kuma aiki yana yawo da shi gari gari. Shi ya sa aka haifi Bala a Pankshin a 1928, ya yi ƙuruciya a Lakwaja, inda ya fara taɓa kayan busa yana yaro. Daga nan aka tura shi makarantar CMS Grammar ta Legas. Ya iso Legas daidai lokacin da hailaif ke tsiro, ya zama mai busa ƙaho, da rana yana aikin kamfani, da dare yana bin ƙungiyoyin otal. Ya yi zamani da Olaiya, sun yi kiɗa tare, har ya tsara masa waƙa. Wato ba ɗan kallo ba ne a wancan fage, da shi aka aza harsashin.

Aikin kamfani ne ya dawo da shi Arewa a shekarun 1950, ya sauka Kaduna. Kaduna ta lokacin gari ne na ma'aikata da sojoji da 'yan reluwe, kowa baƙo, saboda haka ƙungiyar kiɗa tana iya samun masu saurare. Amma abin da ya bambanta Bala da sauran masu hailaif da ke zuwa daga Kudu shi ne bai tsaya nishaɗantar da baƙi ba. Ya yi ta neman yadda za a yi yaran Arewa su koyi kayan nan da kansu. A farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, Bala ya yi aikin kafa makarantar koyon kiɗa a Kano. Mutane suna tuna Audu Bako da madatsar Tiga da gidan zu, ba kasafai ake tuna cewa har makarantar kiɗa ya yarda a buɗe a cikin Kano ba. A yau wane gwamna ne zai yi wannan ƙarfin hali?

Shekarar 1977 ce ta zama tasa. A watan Janairu da Fabrairu aka yi bikin FESTAC a Legas, aka yi gagarumin hawan daba a Kaduna, kuɗin mai yana yawo, gwamnati tana kashe wa al'adu. Bala yana cikin waɗanda suka yi hidimar kiɗan bikin, kuma a wannan shekarar ya haɗa ƙungiyar da aka fi saninsa da ita, Great Music Pyrameeds of Africa, wadda daga baya ta haura mutum 20. Matattararsu kulob ɗin Costain ne a Kaduna. A shekarun 1980 gidan talabijin na NTA ya ba shi fili nasa, ana nuna shi a faɗin ƙasa. A unguwa guda a garuruwa irin namu, gidan da ke da akwatin talabijin bai wuce a ƙirga da yatsu ba, yara su cika tsakar gida har bakin zaure, su ga dattijo cikin babbar riga yana jagorantar masu ƙaho da jita da ganguna, yana waƙa da Hausa tsantsa. Waƙarsa Ikon Allah ta shiga gidajen da ba su taɓa sanin ƙofar kulob ba, malamai da 'yan boko duk suna rera ta. Ya rasu a 2003.

To, masu cewa Indiya ce uwa fa? Suna da hujja, ban raina ta ba. Tun shekarun 1960 gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos suke cika da masu kallon Indiya. Abdu Yaron Goge da Ali Makaho sun ɗauki karin waƙoƙin Indiya sun sa a goge da kalangu, 'yan bandiri sun sa shi cikin bege. Da finafinan Hausa suka kankama bayan Turmin Danya na 1990, tsarin saurayi da budurwa suna jefa wa juna baiti cikin lambu daga Bombay aka kwaso shi, babu mai musu. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan haka. Wasu kuma suna kawo waƙoƙin Sudan da gidajen rediyonmu suka daɗe suna sakawa, su ma da gaskiyarsu. Sai dai duk waɗannan suna bayanin karin murya ne da salon soyayya. Ba su bayyana ƙasan kiɗan ba, wato abin da ƙafa ke bi. Ka cire muryar daga yawancin waƙoƙin biki na yau, ka saurari bugun kawai da jitar bes da ƙahonin da ke amsawa, za ka ji ya fi kusa da Kinshasa da Legas fiye da Bombay. Kuma tunanin cewa ana iya tsayawa gaban kayan Turawa a yi waƙar Hausa ba tare da yi wa wani basarake ko attajiri kirari ba, Bala ya riga 'yan fim da shekaru.

Me ya sa aka manta da shi? Dalili na farko a fili yake, ko da ba a son faɗa: Kirista ne, kuma a kulob yake kiɗa, wurin da ake shan giya. Masu nazarin waƙar baka a sassan Hausa na jami'o'i sun fi ba makaɗan gargajiya muhimmanci, masu rubuta tarihin hailaif kuma idonsu yana Legas da Inugu da Akara. Ya faɗa tsakani, kowane ɓangare yana ganin na ɗayan ne.

Dalili na biyu, wanda nake ganin ya fi ƙarfi, kuɗi ne. Ƙungiya mai mutum 20 tana cin albashi, tana bukatar mota, ga kayan busa da sai an sayo daga waje. Da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu a 1986 naira ta faɗi, irin waɗannan ƙungiyoyi suka yi ta watsewa a duk Najeriya. Sai ga fiyano. A shekarun 1990 ƙananan sitidiyo na Kano, irin na Iyan-Tama, suka samu fiyanon Yamaha, yaro ɗaya ya zauna ya fitar da ganga da sarewa da ƙaho duk da yatsunsa. Waƙar fim ɗin Sangaya ta nuna cewa kasuwa ta karɓa. Ga wani abu da duk wanda ya taɓa leƙa fuskar irin wannan fiyano zai gani: a saman madannan akwai jerin kiɗe-kiɗen da kamfani ya riga ya zuba a ciki, kowanne da lambarsa, kuma akwai rukuni guda na Latin, rumba da samba da mambo da merenge. Danna lamba kawai za ka yi, ka ƙara gudu ko ka rage, ka ɗora waƙarka. Kiɗan da Bala ya tara mutum 20 yana bugawa ya dawo cikin akwati ɗaya daga Japan, babu mai tambayar daga ina ya fito.

Akwai kuma hanyar Nijar, wadda mu mutanen yammacin Arewa muka fi sani. Ƙasashen renon Faransa sun fi mu shan kiɗan Kyuba da na Kwango, ƙungiyoyin Yamai da Maraɗi a kansa suka tashi. Daga cikinsu Sa'adu Bori na Maraɗi ya fito, ya ɗora waƙoƙin bori a kan jita da ganguna na zamani, faifan da suka yi da Moussa Poussy, Niamey Twice, ya fita a 1994. Kontagora tana kan babbar hanyar da ta taso daga Legas ta Jebba da Mokwa ta nufi Yawuri da Sakkwato, saboda haka kaset ɗin da ya fito Maraɗi ko Legas ba ya daɗewa bai iso tasha ba, a motar direbobin dogon zango. Ga barikin soja, ga kwalejin horar da malamai ta tarayya da ke tara ɗalibai daga ko'ina. Kafin a san wani abu wai shi nanaye, 'yan matan garin nan sun riga sun taka rawar Sa'adu Bori a wajen kamu. Haɗarin mota ne ya ɗauke Sa'adu Bori a 2008.

Zirga-zirgar ma ba ta tsaya ba a can tsallaken. Juan Luis Guerra, wanda ya fi kowa kai merenge duniya, ya gayyaci mai jitar Kwango Diblo Dibala suka yi aiki tare a faifansa na 1994. Su can makaɗansu sun san da wannan dangantaka. Mu nan ɗalibin da ya je neman digiri kan waƙar zamani, da wuya malaminsa ya tura shi Kaduna ya nemi tsofaffin da suka yi busa a bayan Bala Miller a Costain, ko ya tambayi NTA faya-fayan shirinsa. Waɗanda suka shiga ƙungiyar suna samari a 1977, yanzu sun doshi saba'in ko sun haura.