Sifirin da Shokazoba a Tarihin Sufurin Arewacin Zamfara

Sana'ar gyaran ƙafafun mota a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi tana da nasaba da tarihin sufurin yankin, domin tun da layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya isa Ƙaura a 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga, waɗanda jakuna da raƙuma ke kawowa tasha kafin manyan motoci su karɓi aikin sannu a hankali. Hanyar kasuwar Shinkafi, mai ci ranar Alhamis, da wadda ta bi ta Zurmi zuwa Jibiya sun daɗe babu kwalta, saboda haka direba ba ya neman komai a jikin mota kamar tsayi da juriyar lodi.

Abubuwa biyu ne ke riƙe da gangar mota. Na farko shi ne sifirin, wato faya-fayan ƙarfe masu lanƙwasa da ake jerawa bisa juna don su ɗauki nauyi. Na biyu kuwa shokazoba, bututu ne mai ɗauke da mai, wanda sanda ke nitsewa a cikinsa tana tura man ta ƙananan kafofi, ta haka tsallen motar ke lafawa bayan ta faɗa rami. A Amurka, matasan birnin Los Angeles sun fara sauke motocinsu ƙasa don ado tun shekarun 1940, abin da ke tilasta sanya gajeren shokazoba, amma kanikawan wannan yanki akasin haka suka bi. Bayan kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, a-kori-kura ta cika hanyoyin ƙauyuka, sai ƙara mata ganyen sifirin a baya ya zama al'ada, domin ta ɗauki buhunan gero da wake ba tare da ta durƙusa ba.

Sai dai ƙa'idar ɗaya ce ko sama aka yi ko ƙasa: duk wanda ya sauya tsayin mota, dole ya sauya shokazoba da wanda tsawonsa ya dace, in ba haka ba sandar za ta riƙa kaiwa maƙura, robar bakin bututun ta lalace, mai ya tsiyaye, motar ta koma tangaɗi a kan kwana. Shi ya sa gogaggen bakanike yakan danna gefen mota da ƙarfi ya saki, idan ta ci gaba da rawa ya san shokazoban ya mutu, kuma yakan sauya na dama da na hagu tare. Ƙarin sifirin ba ya ƙara wa birki ko taya ƙarfi, don haka lodin da ya wuce ƙima haɗari ne komai tsayin motar.