Dakta Mo Ibrahim da Shigowar Salula Bakin Kwara

Mu da muka yi sana'ar sayar da katin waya a Malanville tun farkon al'amarin, shaidu ne cewa kafin zuwan salula, ɗan kasuwar da ke son sanin kuɗin buhun masara ko na albasa a Gaya, wadda ba abin da ya raba mu da ita sai kogi da gada, tilas ya ƙetara da kansa ko ya aiki yaronsa. Labarin Yamai da Kwatano kuwa sai direbobin manyan motoci sun kawo, alhali ya riga ya kwana.

Cikin waɗanda Allah Ya sa suka zama sanadin sauya wannan hali akwai Dakta Mo Ibrahim, mutumin Sudan, haifaffen 1946, wanda ya karanta injiniya a Iskandariyya, ya zurfafa ilminsa a Birmingham ta Ingila, ya yi aiki da British Telecom, sa'an nan a 1989 ya buɗe MSI, kamfanin ba da shawara ga masu shimfiɗa layukan waya. A 1998, sa'ad da attajiran Turai ke ganin zuba jari a Afirka hasara ce, ya kafa kamfanin da aka sani da Celtel, bisa hujja biyu: cewa talaka zai biya kuɗin magana muddin aka sayar masa da ita gwargwadon ƙarfinsa, kuma cewa ana iya ciniki da hukumomi ba da rashawa ba.

Hujjarsa ta farko a kan teburanmu ta tabbata. Celtel bai shigo Benin ba, amma da ya kafu a Nijar, sai ka ga Alhaji da layi biyu, ɗaya na nan, ɗaya na ƙetare, yana kankare kati da farce, ya ji farashin Gaya kafin ya sallama kayansa. Dillalin da jahilcin mutane ne jarinsa, kasuwarsa ta mutu. Mai amana kuwa ya ƙaru.

A 2005 aka sayar da Celtel ga MTC ta Kuwaiti kan dala biliyan 3.4, sunan ya koma Zain, daga baya Airtel, shi kuma ya mai da himmarsa ga kyautata mulki a Afirka ta gidauniyar da ya kafa a 2006. Hikimar hakan ta bayyana gare mu tun 2023, da aka rufe gadar: ana ƙulla ciniki ta waya cikin daƙiƙa, amma kaya sai kwale-kwale, domin fasaha ba ta buɗe hanyar da shugabanni suka rufe.