Kafin ka ɗaura jaka: abin da mai zuwa ziyara ƙasar waje ya kamata ya tanada

Duk lokacin da aka gama aikin kaka, ko Sallah ta matso, ko yara suka samu babban hutun lokol, sai tambayoyi su yi mana yawa a nan gidan rediyo. Wannan zai je ganin ɗansa a Kano, wannan ƴarta ta haihu a Abijan, wancan ƴaƴansa sun biya masa kujerar umara. Shi ya sa muka tattara amsoshin wuri guda, don wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Mu fara da takardu, don su ne ba a samu a rana ɗaya. A wurinmu zuwa Daura kamar shiga gidan kawu ne: harshe ɗaya, dangi ɗaya, auratayya tun kaka da kakanni. Amma da zarar ka wuce Ɗan Barto ka isa Kongolam, to ka shiga wata ƙasa, kuma jami'in da ke bakin iyaka takarda yake dubawa, ba zumunci ba. Mafi ƙarancin abin da za ka riƙe shi ne katin shaidar ɗan ƙasa wanda wa'adinsa bai ƙare ba. Shi kuwa katin, sai da takardar haihuwa ake yin sa. Wanda ba a yi masa ita ba tun yana jariri, sai ya bi ta kotu a yi masa wadda za ta maye gurbinta. Tafiyar jirgin sama kuma sai da fasfo, kuma ƙasashe da dama, har da Saudiyya, suna so ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya mutu.

Ana yawan tambayarmu ko ficewar Nijar daga CEDEAO ta hana tafiya. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, amma ƙungiyar ta sanar cewa ƴan ƙasashen uku za su ci gaba da shiga ba tare da biza ba, kuma tsoffin takardu masu tambarinta suna aiki har sai an sake wata sanarwa. Sai dai lamarin iyaka ba ya zama wuri ɗaya. Kun tuna yadda aka rufe ta Najeriya bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024. Don haka masu nufin Kwatano ko Lome ko Akra ta mota, ku fara zuwa tasha ku ji hanyar da direbobi ke bi a wannan makon, kafin ku sayar da akuya ku sayi tikiti.

Yara fa? Nan ne kakanni ke shan wahala. Wata baiwar Allah ta ba mu labarin yadda ta ɗauki jikanta za ta kai shi wurin uwarsa, aka tsayar da su a hanya, ta rantse ta maya, amma babu abin da ke nuna yaron nata ne. Haka suka juyo, kuɗin mota ya tafi a banza. Yaron da zai yi tafiya ba tare da iyayensa ba, a riƙe masa takardar haihuwarsa da takardar izinin mahaifi mai hatimin hukuma. Jami'an ba mugunta suke yi ba. Safarar yara ce ta jawo wannan tsanani.

Sai katin rigakafi, ɗan littafin nan mai ruwan ɗorawa. Allurar shawara sau ɗaya ake yin ta, kuma tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shaidarta na aiki tsawon rai. Amma ba ta fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, wanda ya je likita ana gobe tafiya ya makara. Masu zuwa hajji ko umara kuma sai sun ƙara da ta sanƙarau. Kada a sayi katin da aka buga wa hatimi ba tare da an yi allurar ba. Mai hawan jini ko ciwon suga ya tafi da maganin da zai ishe shi, a cikin kwalinsa, tare da takardar likita.

Batun kuɗi gajere ne. Sefarmu tana ci a Benin, Togo, Kodebuwa, Senegal, Mali, Burkina Faso da Gine Bisau. Ta Cadi da Kamaru daban ce, duk da suna ɗaya. Najeriya sai naira, Gana sai sidi. A tambayi farashin canji a wuri biyu ko uku, kuma kada a zuba duka a aljihu guda. In garin da za ka akwai reshen Nita ko Amana, tura wani kaso ka karɓa can.

Ku da ke ƙetare kuna gayyatar iyaye, ga naku aikin: ku sa a rubuta musu sunan unguwarku da lambar wayarku a takarda, ba a cikin waya kaɗai ba, don caji na ƙarewa, layi kuma na iya ɗaukewa bayan an tsallaka. In za ku tarye su a tasha, ku tuna agogon Gana da Kodebuwa yana bayan namu da awa ɗaya, na Saudiyya yana gaba da awa biyu. Najeriya kuwa lokacinmu ɗaya.

Kada a karɓi saƙon da ba a buɗe an gani ba, ko daga wa ya fito. A Saudiyya hukuncin safarar ƙwaya yana kaiwa ga kisa, kuma "ban san abin da ke ciki ba" ba ta cika fidda mutum ba.

Akwai tafiyar da ba za mu kira ta ziyara ba, ko da mai yin ta ya kira ta haka. Ɗan Nijar ba ya shiga Aljeriya sai da biza, kuma waɗanda aka kama babu takardu ana maido su ta Assamaka. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, mafi yawansu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Da yawansu ƴan wannan yanki namu ne na Kance. Duk wanda ya ce miki zai kai ki da yaranki can babu fasfo babu biza, ta wannan hanyar zai bi da ku.

Mai sauran tambaya ya kira mu a shirin gaishe-gaishe, ko ya aiko da saƙon murya ta WhatsApp, za mu kai ta wurin waɗanda abin ya shafa mu kawo amsa a kan iska.