Makarantar Likitoci ta Kano: Daga Neman Asibiti Zuwa Shekarar Kulle

Lokacin da Jami'ar Bayero ta buɗe tsangayar koyon aikin likita a shekarun 1980, Roni da Gwiwa da Kazaure da Ɓaɓura duk suna cikin Jihar Kano. Jigawa, inda suke a yanzu, ba ta zo ba sai ranar 27 ga Agusta, 1991. Saboda haka ga mutanen wannan kusurwa, makarantar ba ta maƙwabta ba ce, tasu ce tun asali, kuma har gobe yaron da ya fito daga ƙasar Kazaure da burin zama likita Kano yake fara hange kafin ya tuna da Dutse. Hanya ma ta fi miƙewa: ka fito Kazaure, ka ratsa Ɗambatta, sai ga ka a birni.

Tunanin horar da likitoci a Kano ya girmi jami'ar kanta. A tsakiyar shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta taɓa buɗe wata makaranta a Kano don horar da mataimakan likitoci, amma ba ta yi tsawon rai ba. Da aka tashi yin abin da gaske sai rabo ya faɗa wa Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello ta kafa tsangayarta a 1967, a zamanin shugabancin Farfesa Ishaya Audu, wanda shi kansa likitan yara ne. Kano kuwa a lokacin kwaleji kawai take da ita a ƙarƙashin Zariya, wato Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda aka san ta da Larabci da addinin Musulunci da tarihi da harsuna. Sai a 1977 ta tsaya da ƙafarta a matsayin cikakkiyar jami'a, Dokta Mahmud Tukur ya zama shugabanta na farko. Likitanci ya biyo baya a zamanin Farfesa Ibrahim Umar.

Buɗe tsangaya a takarda abu ne mai sauƙi. Ana iya koyar da ilimin sassan jiki da yadda gaɓoɓi ke aiki a aji da ɗakin gwaji, in dai akwai malami da gawar da za a feɗe. Amma rabin karatun likita na biyu, wanda shi ne ainihin sana'ar, ba ya yiwuwa sai a gefen gadon majiyyaci. Jami'ar ba ta da asibiti. Wannan shi ne babban ciwon kan shekarun farko, kuma shi ya sa tarihin makarantar ya zama kusan tarihin neman asibiti. A watan Agustan 1988 Gwamnatin Tarayya ta kafa asibitin koyarwa, amma ba shi da gini nasa, sai aka raɓa shi a Asibitin Murtala, tsohon asibitin birni da cunkosonsa. An shafe shekaru ana zaman aro kafin a tare a mazaunin dindindin na titin Zariya a tsakiyar shekarun 1990, inda yau kowa ke kira Asibitin Malam, don tunawa da Malam Aminu Kano da ya rasu a 1983. Farfesa Sadiq Wali na cikin waɗanda suka ɗora masa harsashi, daga baya kuma ɗan Jigawa, Farfesa Abdulhamid Isa Dutse, ya shugabance shi. A 2002 aka yi dashen ƙoda na farko a asibitin, abin da ya sa sunansa ya fita har Kudu.

Daga nan girma ya zo da sauri. Tsangaya ɗaya ta zama kwaleji mai rassa: ilimin tushe, karatun asibiti, haƙori, da sauran fannonin lafiya irin su jinya da gashin ƙashi da aikin ɗakin gwaji. Ɗalibai kan fita Kumbotso don koyon kiwon lafiyar al'umma. Amma duk wannan faɗaɗa bai sauya tsarin koyarwar ba. Da safe babban likita ya shigo ɗakin kwanciya, ƙananan likitoci na biye, ɗalibai a can baya da fararen riguna da ɗan littafi a hannu. A tsaya a gado, a ce wa ɗaliba ta gabatar da majiyyacinta. Ta faɗi shekarunsa da garinsu da abin da ya kawo shi. A ce ta taɓa cikin. Ta ɗora hannu a ɗarare, malamin ya kama yatsunta ya matsar da su ƙasa da haƙarƙari, ya ce wa majiyyacin, "Baba, ja numfashi sosai." Sai ta ji bakin saifa ya zo ya bugi yatsanta. Wanda ya ji wannan sau ɗaya ba ya mantawa, wanda bai ji ba kuma ko ya haddace littafi bai sani ba.

A haka shekarar 2020 ta samu makarantar. An tabbatar da korona a Legas ranar 27 ga Fabrairu. Kafin ƙarshen Maris gwamnati ta ba da umarnin rufe makarantu, jami'o'i suka watse daga ranar 23 ga wata. Abin da ya bambanta Najeriya da sauran duniya shi ne, a wannan ranar ce kuma ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta tsunduma yajin aikin sai-baba-ta-gani, bayan na gargaɗi da ta fara tun 9 ga Maris, a kan tsarin biyan albashi na IPPIS da tsohuwar yarjejeniyar 2009. Ƙofa ɗaya, kwaɗo biyu. A Ingila da Amurka makarantun likitanci sun kwashe laccocinsu sun mayar kan Zoom cikin 'yan makonni, wasu ma suka yaye ɗaliban ajin ƙarshe da wuri don su shiga aiki. A nan ma Ministan Ilimi, Malam Adamu Adamu, ya umarci manyan makarantu su koma koyarwa ta intanet. Jami'o'i masu zaman kansu da dama sun yi. ASUU ta ce a jami'o'in gwamnati babu kayan yin haka, kuma ko da akwai, malamai suna yajin aiki.

Sannan cutar ta iso gida. Kano ta samu mutum na farko ranar 11 ga Afrilu, aka kulle gari bayan 'yan kwanaki. A Jigawa, Kazaure na cikin wuraren farko da gwamnatin Gwamna Badaru ta sa wa dokar zaman gida a wannan watan. Sai mace-macen nan da suka girgiza Kano a ƙarshen Afrilu, waɗanda Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce daga baya sun kai 979, kuma ana kyautata zaton fiye da rabi na da alaƙa da korona. Cikin manyan da aka rasa a kwanakin har da Farfesa Aliyu Umar Dikko, malamin ilimin aikin gaɓoɓi, wanda likitocin Kano da yawa suka bi ta ajinsa. Ɗakin gwajin cutar da ke Asibitin Malam ya tsaya na wani lokaci, ga ƙarancin kayan aiki ga ma'aikata da suka kamu. Cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa ta jami'ar ta shiga gwaji don rage nauyi. Wato malaman da ake cewa su hau intanet su yi lacca, da yawansu suna ɗakin killace masu cutar, sanye da rigar kariya tun daga kai har ƙafa a zafin bazara.

To karatun intanet ɗin fa? An yi shi, amma mafi yawansa ba daga sama ya sauko ba. Ɗalibai ne suka riƙe junansu a zaurukan WhatsApp da Telegram: wannan ya turo littafi, wancan ya naɗi bayani da murya, a yi tambayoyin jarrabawar baya da dare lokacin da data ta fi araha. Ga ɗan cikin birni da ke da kwamfuta da sola a gida, abin ya ɗan yi amfani. Ga wanda ya koma wani ƙauye a Roni ko Gwiwa, lissafin daban ne. Da safe ya kai wayarsa wurin mai caji, ya biya, ya dawo da ita da yamma. Sai ya nemi inda sabis ke kamawa, wataƙila bakin titi ko kan wani tudu, ya tsaya yana kallon bidiyon minti ashirin yana saukowa da kyar, ya yanke a tsakiya. Ga damina ta kankama, ba wanda zai ga saurayi lafiyayye zaune da waya a bar shi bai tafi gona ba. Abin da ke ba mutum dariyar takaici shi ne, tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa cibiyar koyon kwamfuta a Kazaure, aka yi ta kirarin Jigawa za ta zama cibiyar fasahar sadarwa. Shekara kusan ashirin bayan haka, ɗalibin likita a ƙasar Kazaure yana ɗaga waya sama yana farautar sabis.

ASUU ta janye yajin aikin ranar 23 ga Disamba, bayan wata tara. Aka koma aji a Janairun 2021, da takunkumi da bokitin wanke hannu a ƙofa. Karatun da aka tsara shekara shida ya ƙara tsawo, kuma kafin a farfaɗo sai ga wani yajin aikin na wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A ganina, in za a yi adalci, yajin aiki ya ci wa ɗaliban likitancin Kano lokaci fiye da yadda annoba ta ci.

Ba a fito hannu rabbana ba dai. Tarurrukan ƙara wa juna sani da kwasa-kwasan likitoci masu neman ƙwarewa, waɗanda a da sai an yi tattaki zuwa Legas ko Ibadan, da yawansu sun koma ta intanet kuma sun zauna a can. Likitan da ke aiki a Babban Asibitin Kazaure zai iya sauraron lacca daga ko'ina ba tare da ya bar majiyyatansa ba. Wannan riba ce ta gaske ga jiha irin Jigawa mai ƙarancin likitoci, wadda ta daɗe tana tura 'ya'yanta Sin da Sudan karatun likita, kuma sai a 'yan shekarun nan Jami'ar Tarayya ta Dutse, da aka kafa a 2011, ta fara horar da nata da Asibitin Rasheed Shekoni.

Amma hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya ta shata iyaka. A 2022, da yaƙi ya tarwatsa ɗaliban Najeriya da ke Yukiren, makarantunsu suka ci gaba da koyar da su daga nesa, hukumar ta fito ta ce ba za ta amince da shaidar likitancin da aka samu ta intanet ba. Iyaye da yawa sun ji zafin hukuncin, kuma suna da hujja, domin ba laifin yaran ba ne. Sai dai matsayin ya yi daidai da abin da Kano ta sha fama da shi tun farko, lokacin da take da ɗalibai da malamai da allo, amma sai da ta jira 1988, ta kuma yi zaman aro a Murtala, kafin a yarda tana da inda za ta koyar da likita.