Littattafan Rakiyar Fim da Tarihin Abin da Masu Karatu Suka Zaɓa

A cikin watan Oktoba na shekarar 2013 kafar BBC ta ba da sanarwar cewa an gano kashi tara na wasan talabijin ɗinta mai suna Doctor Who a wani ɗakin ajiya na wata tashar talabijin da ke Jos. An nuna waɗannan kashi a Ingila tsakanin 1967 da 1968, daga baya BBC ta goge faya-fayanta domin ta sake ɗaukar wasu shirye-shirye a kansu, sai kofen da aka sayar wa ƙasashen waje, ciki har da Nijeriya, suka yi saura. To a cikin waɗannan shekaru masu yawa, ta yaya yaran Ingila suka san labaran da ke ciki? Akasarinsu sun san su ne ta wasu ƙananan littattafai masu arha da aka rubuta daga wasan. Irin waɗannan littattafai ne muke son mu bi tarihinsu, mu ga waɗanne ne masu karatu suka runguma, waɗanne suka yar, kuma saboda me.

Mun kira su littattafan rakiya, domin fim ko wasan talabijin suke rakowa kasuwa. Kamfanin da ya mallaki fim ɗin shi ke ba maɗaba'a izini, ita kuma ta ɗauki marubuci haya. Iri biyu ne. Akwai wanda ake mayar da labarin fim ɗin kansa zuwa zube, akwai kuma wanda ake ɗaukar taurarin fim a ƙirƙira masu sabon labari. Za mu tsaya a kan ƙagaggun labaran kimiyya, wato na jiragen sararin samaniya da halittun wasu duniyoyi, irin fagen da Umaru Dembo ya taɓa a cikin Tauraruwa Mai Wutsiya. Gidaje uku ne suka fi yawan littattafai a wannan fage: Star Trek da Star Wars na Amurka, da Doctor Who na Ingila.

Zamanin da babu bidiyo

An fara nuna Star Trek a 1966, aka tsayar da shi a 1969 bayan kashi 79. A wancan lokaci babu bidiyo a gidaje, wanda wasa ya wuce shi sai ya jira ranar da tasha ta ga damar maimaitawa. Saboda haka abin da mai karatu ke nema a wurin littafi shi ne ya maido masa da abin da ya gani, ko ya ba shi abin da ya rasa. Daga 1967 kamfanin Bantam ya ba James Blish aikin mayar da kashi-kashin wasan zuwa gajerun labarai. Blish sanannen marubuci ne tun kafin nan, amma a farkon aikin daga rubutattun wasannin da aka aiko masa yake ɗauka, waɗanda wani lokaci an canza su kafin a ɗauki hoto. Masu kallo suka lura da bambancin, suka yi ta rubuto masa wasiƙu. Duk da haka littattafan sun yi kasuwa har aka kai kundi 12, na ƙarshen matarsa J. A. Lawrence ce ta kammala shi bayan rasuwarsa a 1975.

A Ingila ma haka abin yake. Daga 1973 maɗaba'ar Target ta shiga buga labaran Doctor Who, kuma mutum ɗaya, Terrance Dicks, wanda ya taɓa zama editan labarin wasan, ya rubuta fiye da 60 daga cikinsu. Salonsa miƙaƙƙe ne, jimloli gajeru, babu kwana-kwana. Ɗaya daga cikin labarai biyu da aka tsinta a Jos, The Web of Fear, shi ya mayar da shi littafi a 1976. Mai karatu na wannan zamani amana yake nema a wurin marubuci, kuma duk wanda ya sa wa tauraro maganar da ba ta yi kama da bakinsa ba, ya sha suka.

Star Wars ya zo da wani abin mamaki, domin littafinsa ya riga fim ɗin fitowa. An buga shi a ƙarshen 1976 da sunan George Lucas a bango, alhali Alan Dean Foster ne ya rubuta shi, fim ɗin kuma bai fito ba sai watan Mayu na 1977. Foster ya ƙara rubuta wani, Splinter of the Mind's Eye, a 1978, wanda aka shirya domin a yi masa fim mai ƙaramin kuɗi idan na farko bai samu karɓuwa ba. A cikinsa ya nuna alamun soyayya tsakanin Luke da Leia. Da fim na uku ya fito a 1983 sai ga shi an bayyana cewa su biyun tagwaye ne. Wannan shi ne haɗarin farko da marubucin rakiya ke fuskanta: gonar aro yake nomawa, mai gona kuwa yana iya sake shuka duk ranar da ya so.

Da bidiyo ya shigo

A shekarun 1980 kaset ɗin bidiyo ya shiga gidaje, gani ya kori ji. Wanda zai iya maimaita fim sau goma a ɗakinsa ba ya bukatar a karanta masa shi. Daga nan zaɓin masu karatu ya karkata zuwa ga abin da na'urar ɗaukar hoto ba ta iya nunawa, wato tunanin da ke cikin zuciyar tauraro, da tarihin al'ummarsa, da abin da ya faru kafin fim da bayansa.

Kamfanin Pocket Books, wanda ya karɓi izinin Star Trek a 1979, ya ci moriyar wannan sauyi. Vonda McIntyre, a littafinta The Entropy Effect na 1981, ta raɗa wa matuƙin jirgi Sulu sunan Hikaru, wanda ba shi da shi a talabijin, kuma bayan shekara goma masu fim suka ɗauki sunan suka sa a fim na shida. John M. Ford a The Final Reflection na 1984 ya ajiye sanannun taurarin a gefe, ya ba da labarin daga idon wani jarumi na ƙabilar Klingon, waɗanda a talabijin abokan gaba ne kawai. Ya yi masu wasan dara nasu, da karin magana, da yadda suke kallon mutuwa. A shekarar ce kuma Diane Duane ta yi wa ƙabilar Romulan irin wannan aiki, ta ƙago masu harshe da sunan da suke kiran kansu, Rihannsu. Littafinta Spock's World na 1988 ya shiga jerin waɗanda suka fi ciniki na jaridar New York Times. Daga baya sababbin wasannin talabijin sun siffanta waɗannan ƙabilu ta wata hanya dabam, amma har yau idan masu karatu suna lissafa gwanaye, sunan Ford da na Duane ba sa faɗuwa, alhali ɗaruruwan littattafan da suka bi ƙa'ida sau da ƙafa an manta da su.

Shekarun fari

Babbar kasuwar littattafan rakiya ta buɗe ne a lokacin da allon ya yi shiru. Bayan 1983 ba a sake yin fim a babban jerin Star Wars ba har 1999. A tsakiyar wannan fari, a 1991, Timothy Zahn ya fitar da Heir to the Empire, wanda ya ɗauko labarin shekara biyar bayan inda fim na uku ya tsaya. Littafin ya hau matsayi na ɗaya a jerin New York Times. Abin da ya ja hankalin mutane shi ne sabon abokin gaba da Zahn ya ƙago, Thrawn, kwamanda mai sanyin hali wanda ke nazarin zane-zane da sassaƙe-sassaƙen al'umma domin ya gane lagonta a fagen yaƙi. Sunan Coruscant da ya ba hedkwatar daular shi Lucas ya yi amfani da shi a fim ɗin 1999.

Doctor Who kuwa BBC ta tsayar da shi a 1989. Daga 1991 maɗaba'ar Virgin ta ci gaba da labarin a littattafai, ta kuma buɗe ƙofa ga sababbin marubuta da ba su taɓa buga komai ba, akasarinsu masu kallon wasan ne tun suna yara. Paul Cornell na cikin waɗanda suka fito ta wannan ƙofa, kuma littafinsa Human Nature na 1995 an mayar da shi wasan talabijin a 2007. Russell T Davies, wanda ya farfaɗo da wasan a 2005, shi ma ya rubuta ɗaya a wannan jeri a 1996. Wato ɗan rakiya ya zama shi ke riƙe da gida har masu gida suka dawo.

A nan ne kuma masu karatu suka rabu gida-gida. Wasu suna bin jeri ne, su sayi kowane littafi domin kada wani abu ya faru da taurari ba su sani ba. Wasu suna bin marubuci, idan ba su ga sunan Zahn ko na Peter David a bango ba sai su wuce. Akwai kuma masu son a bar taurari yadda suke, kowane littafi ya ƙare a inda ya fara. Rigimar ta fito fili a 1999, lokacin da aka kashe Chewbacca, abokin Han Solo, a littafin Vector Prime na R. A. Salvatore. Hukuncin na masu tsara jerin ne tare da amincewar kamfanin, amma marubucin ne ya sha zagi.

Hukuncin mai gona

A 2012 kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm a kan kuɗi kimanin dala biliyan 4. A watan Afrilu na 2014 aka sanar da cewa duk littattafan da aka buga a baya an fitar da su daga asalin tarihin Star Wars, za a ci gaba da buga su ƙarƙashin tambarin Legends, ma'ana tatsuniyoyi. Da sabon fim ya fito a 2015, ga Chewbacca nan da ransa. Masu bin jeri su suka fi jin ciwo, domin abin da suka tara shekara da shekaru an ce bai faru ba. Masu bin marubuci kuwa ba su yi asarar komai ba, littafin da ya yi daɗi a 1991 bai canza ba. Ƙarshenta ma kamfanin da kansa ya koma ya ɗauko Thrawn, ya sa shi a wasan zane na Rebels a 2016, ya kira Zahn ya rubuta masa sabon littafi a 2017, sannan ya fito da shi a wasan Ahsoka a 2023.

Akwai kuma batun haƙƙi, wanda ya shafe mu kai tsaye. Marubucin rakiya ba shi ya mallaki abin da ya ƙago ba, Thrawn na kamfani ne. A 2020 Alan Dean Foster, tare da goyon bayan ƙungiyar marubuta labaran kimiyya ta Amurka, ya fito ya ce an daina biyansa ladan cinikin littattafansa tun bayan da kamfanonin suka canza hannu. An sasanta a 2021. Abin lura shi ne, dattijo ne mai suna da littattafai masu yawa, amma sai da ƙungiya ta tsaya masa.

Mu a nan hanyar ta fi bi ta ɗaya ɓangaren, daga littafi zuwa fim, kamar yadda aka yi da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu. Amma yanzu da finafinai masu dogon zango suka yawaita, ba abin mamaki ba ne wani furodusa ya nemi ɗayanmu ya mayar masa da labarinsa littafi. Idan haka ta faru, tarihin nan ya nuna mana abubuwa uku. Mu riƙe muryar taurari yadda masu kallo suka san ta, kamar Dicks. Mu kawo abin da allo bai nuna ba, kamar Ford da Duane da Zahn, domin masu karatunmu suna da fim ɗin a wayoyinsu. Sannan kafin mu ɗora alƙalami mu nemi yarjejeniya a rubuce, wadda ta faɗi sunan wa zai hau bango, nawa za a biya, da wanda zai mallaki sabon tauraron da muka ƙago. Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.