Lokacin da Aka Ƙirga Jariran Garki

A zamanin kakanninmu, haihuwa da mutuwa a ƙasar Garki ba su da wani littafi sai zukatan iyaye mata. Mace takan haifi tara, uku su rayu, a ce tana wabi, a raɗa wa na gaba suna Ajuji ko Ayashe don ko ya tsaya. Kowa ya san ana rashi, amma babu mai iya faɗin yawansa.

Wannan ya sauya tsakanin 1969 da 1976, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka zaɓi gundumarmu, tana ƙarƙashin Jihar Kano a lokacin, domin binciken zazzaɓin cizon sauro. Ma'aikata sun riƙa zagaya ƙauyuka 22, ciki har da Sugungum da Rafin Marke, duk bayan mako 10, suna ɗiban jini, suna rubuta wanda aka haifa da wanda ya riga mu gidan gaskiya. Abin da ƙidayar farko ta nuna mai tayar da hankali ne: kusan jariri ɗaya cikin huɗu ba ya cika shekara a duniya.

A 1972 da 1973 aka yi feshin maganin sauro a ɗakunan ƙauyuka 164, aka kuma raba ƙwayoyin magani a wasunsu. Mutuwar jarirai ta ragu ƙwarai a inda aka ba da kariyar. Sai dai cutar ba ta ƙare ba, domin wani sauron a waje yake fakewa, inda feshi ba ya kai masa. Da aka tsayar da aikin, zazzaɓin ya dawo. An buga sakamakon cikin littafi a 1980, masana a faɗin duniya suka amfana da shi.

'Yan'uwa mazauna Kano, Kaduna, Abuja da Legas, darasin a fili yake. Ƙidaya ce ta nuna cewa rashin da muka ɗauka ba makawa yana da magani. Amma baƙi ne suka yi ta, suka tafi da alƙalaminsu. Lokaci ya yi da ƙungiyarmu za ta haɗa kai da dagatai da masu unguwanni da ungozoma, a tabbata duk jaririn da aka yi wa suna ya shiga rajistar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, duk wanda ya koma kuma an rubuta. Idan ba mu san yawan rashinmu ba, da wace hujja za mu nemi asibiti?

Allah Ya raya mana zuriya, amin.