Ƙaura Namoda: Tashar da Jirgi Ya Tsaya Bai Iso Mu Ba



Mu da muka tashi a Illela ba mu san kukan jirgin ƙasa ba. Abin da muka sani shi ne ƙarar tireloli masu tsallakawa Birnin Ƙonni da hayaniyar kara ranar Lahadi. Amma a zamanin kakanninmu akwai tashar da duk Lardin Sakkwato ke kira tasa, wato ta Ƙaura Namoda, domin kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 ƙasa ɗaya muke da Ƙaura.

Turawan mulkin mallaka sun kawo layin dogo Kano a 1911. Daga baya suka cire reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya isa Ƙaura Namoda a 1929. A nan ya tsaya cak. Shekarar ce kuma tattalin arzikin duniya ya karye, farashin amfanin gona ya faɗi. Bayan reshen Nguru da aka gama a 1930, ba a sake shimfiɗa wani dogon layi a Arewa ba sai na Barno, wanda ya isa Maiduguri a 1964. Sakkwato ba ta samu rabo ba, balle mu da ke bakin iyaka.

Me ya sa Ƙaura, ba Birnin Shehu ba? Ku dubi abin da jirgin ke ɗauka, za ku ga amsa. Funtuwa da Gusau ƙasar auduga ce, Ƙaura kuwa matattarar gyaɗa. Bature bai shimfiɗa dogo don mu ziyarci dangi ba; inda kayan da masana'antun Ingila ke so suka fi yawa, nan ya nufa. Fatar jar akuyarmu ta Sakkwato, wadda ake rububinta a Turai, sai an kai ta bakin dogo a kan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci, sannan ta hau tarago zuwa Ikko.

Mutane ma sun hau. Fasinja kan shiga a Ƙaura, jirgi ya yi ta tsaye-tsaye a ƙananan tashoshi har Zariya, inda ake haɗuwa da babban layin Ikko zuwa Kano. Tafiya ce ta haƙuri a kan siririn dogo, amma da sauƙin kuɗi, ga wurin kaya. 'Yan cirani da almajirai da fatake da sabbin ma'aikata duk sun bi ta nan. Da kwalta ta yawaita, motoci suka ƙwace kaya da fasinja, gyaɗa ta ja baya a shekarun 1970, hukumar jiragen ƙasa da aka kafa a 1955 ta yi rauni, sai tashar ta yi shiru.

Yau ana gina sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya, wanda aka aza harsashinsa a 2021. Idan ya kammala, jirgi zai tsallaka iyakar Nijar, amma ba ta ƙofarmu ba.

To, ina ruwan marubuci da wannan? Na farko, gaskiyar wuri. Idan jaruminka ɗan Gwadabawa ne zai tafi Ikko a 1950, kada ka ɗora shi a jirgi a Sakkwato, don babu. Sai ya sha hanya zuwa Gusau ko Ƙaura, kuma wannan wahalar kaɗai ta isa babi guda. Na biyu, dattawan da suka hau jirgin nan suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Takardun Turawa sun ƙirga buhuna, amma ba su rubuta guzurin da uwa ta ƙulla wa ɗanta ba, ko tsoron baƙauye ranar da ya fara ganin kan jirgi yana huci.

Aikinmu na wannan mako ke nan: kowa ya nemi dattijo ɗaya, ya gaishe shi, ya tambaye shi, "Baba, ka taɓa shiga jirgi a Ƙaura?" Abin da ya faɗa a rubuta shi yadda ya faɗa, a kawo mu karanta tare.

Allah Ya yi mana jagora.